Yadda Za Ki Ɗaura Wa Kwamfuta Madabod Ba Tare da Kin Yi Wa Ɗanki na Fari Magana Ba

Ke da takardar nan ta faɗo hannunki, gyara zama, kin zo wurin masu abin. Idan kika bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari biyu: kwamfutar da ta mutu za ta tashi ta yi haske, ke kuma ki fito da kunyarki cif, ba mai cewa ya ji bakinki ya furta abin da bai kamata ba. An gwada wannan hanya a Fagam ta ƙasar Gwaram, a gaban shaida mai ido da baki. Rabin alkawarin ya cika har da gyara.

Gwanar da ta gwada wata tsohuwa ce mai suna A'i. Ni ce. Sai dai bakina bai saba ba da labarin kaina ba, na mutane ya saba, don haka zan ba ki nata kamar na wata, ya fi saurin fita. In kina tambayar iliminta, ta ɗan taɓa yaƙi da jahilci, ta yi kitso tun tana budurwa, sannan ta taɓa wuni a shagon wani mai gyaran kwamfuta a Birnin Kudu, ranar da ta je asibiti aka ce mai duba ido sai yamma. Ba gyara ta zauna kallo ba, labarin yajin matar mai shagon ake yi. Amma yayin da kunne ke aikinsa, ido ma bai zauna banza ba.

Madabod kuwa, ga wadda ba ta sani ba, wani allo ne kore, faɗinsa kamar faifai, yana cikin akwatin kwamfuta. Duk abin da ke cikin akwatin a jikinsa yake maƙale. In ya ƙone, sai a sa sabo.

Mataki na 1: Ki haifi ɗan fari, ki yi ta kunyarsa

Wannan matakin yana cin lokaci, gara ki fara da wuri.

A'i ta fara tun ranar da ta haifi nata. Ana yaye shi kakarsa ta Gwaram ta ɗauke shi. Yau ga shi ya doshi hamsin, shi ne shugaban makarantar Islamiyya ta unguwa, amma A'i ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In ya durƙusa gaisuwa da safe, bango take amsa wa. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce "mai makaranta". Shi kuma "Yaya" yake ce mata, yadda ya taso ya ji ƙannenta suna faɗa.

Kada ki tsaya ga yin kunyar kawai, ki yi tallarta. Kunyar da ba a sani ba, asarar wahala ce. Babu gidan suna ko na biki da A'i ba ta zauna ta wanke iyayen zamani tas ba. Ranar da ta ga ɗiyar Hapsatu ƙawarta a tashar Birnin Kudu tana ƙwala wa ɗanta na fari kira, wai "Khalifa zo nan", har tana share masa hanci da bakin gyale a gaban direbobi, sai da A'i ta kai labarin nan har Dingaya. Hapsatu, wadda suka taso tare tun suna tallar gyaɗa, ta yi dariya a lokacin. Ta ɗauki abin ta adana a can ƙasa, inda ake adana daddawa.

Mataki na 2: Ki jira ranar da hannaye za su ƙare a gidan

Saukar karatu ta matso, sai kwamfutar makarantar ta mutu da takardun shahadar ɗalibai a cikinta, sunaye da hotuna duka. Mai gyara na Birnin Kudu ya duba ya ce madabod ne ya ƙone. Ya ba da sabo irin tsohon, ya ce shi zai wuce Kano ɗaurin aure, ai Malam ya san kan abin, ya ɗaura da kansa.

Ya sani ɗin kuwa. Sai dai da ya sauka daga mota ya hau acaɓa, akuya ta gifta. Mutumin nan ya rungume kwalin madabod ya bar hannuwansa. Kwali ko ƙwarzane, hannun dama ya karye, yatsun hagu suka kumbura kamar rogo. Wannan ba halin gidan su A'i ba ne, na dangin ubansa ne.

Malaman makarantar sun bazu ƙauyuka kai gayyata. Matarsa Ummulkhairi ta yi ƙunshin sauka, hannayenta biyu suna cikin leda. Da aka duba gidan kaf, yatsu masu motsi na A'i ne kawai, ita da ta daɗe tana gaya wa mata cewa gyaran kwamfuta bai kai kitson shuku wuya ba, ta gani da idonta.

Ki riƙe wannan: duk abin da kika faɗa a gidan suna ajiya ce, wata rana za a aiko karɓa.

Mataki na 3: Ki nemi tafinta

Tunda ba za ki yi masa magana ba, shi ma ba zai ba ki umarni ba, sai a sa mutum a tsakani. Aka zauna a ofishin makaranta. Mai makaranta a kujera da hannu a ɗaure, akwatin kwamfuta a kan tebur, A'i ta ba shi rabin baya, Ummulkhairi a tsakiya ta ɗaga hannaye sama kamar wadda 'yan fashi suka tare.

Tsarin shi ne, ya ce, "A gaya wa Yaya ta kwantar da akwatin." Ke kin ji sarai, don tsakaninku bai fi tabarma ba. Amma kada ki motsa. Ki jira surukarki ta ce, "Inna, wai Malam ya ce don Allah in ba damuwa a kwantar da akwatin." Sannan ki ce da bango, "An ji." Aikin da mai shago yake gamawa kafin shayinsa ya huce, ta wannan hanya zai kai ku azahar, amma da mutunci.

Ana cikin haka sai ga sallamar Hapsatu, da 'yar kujerarta a hannu. Ta ce dubiyar mai karaya ta zo. Ta yi masa sannu guda ɗaya, ta dasa kujerar tana fuskantar A'i.

"Ci gaba, ƙawata," in ji ta. "Yau zan ga yadda ake gyaran inji da bango."

Tun daga nan A'i ta san ba kwamfuta kaɗai aka kwantar a teburin nan ba.

Mataki na 4: Ki cire wuta, ki cire ado, ki danne zuciyarki

Ki zare wayar wuta daga bango. Ki tuɓe awarwaro da zobe. Ki taɓa ƙarfen taga kafin ki taɓa allon, domin wai jikin mutum yana tara wata wuta da ba a gani, tana iya kashe madabod. A'i ta gaya wa bango cewa ita ta daɗe da sanin haka, akwai ma wadda in ta shigo ɗaki ake jin zafin tata. Hapsatu ta ce a taɓa ƙarfen da harshe ma, nan ne matattarar.

Ki kwance notin murfin gefe da sukudireba, ki zuba su a murfin kwano. Abin da za ki gani a ciki zai tayar miki da hankali: ƙura, yanar gizo, har da gidan zanzaro a kusurwa. Zuciyarki za ta ce ki ɗauko omo da soson buhu. A'i har ta aika a kawo ruwa, saƙo ya zo ta bakin tafinta cewa Malam yana roƙo da girman Allah a yi amfani da busasshen tsumma. Ta goge, amma ta shaida wa bango cewa gidan da akwai mace ba a barin kaya haka. Tafinta ba ta isar da wannan ba, ta ce ba ta ji ba.

Ki zare wayoyin tsohon allon ɗaya ɗaya, ki kwance shi, ki ɗaga. Kada ki yar. A'i da shi take rufe tulu yanzu.

Mataki na 5: Ki yi rowa

A ƙasan akwatin akwai wasu 'yan ƙafafu na tagulla. A kansu sabon allo zai zauna, kada bayansa ya taɓa ƙarfen akwati. Ki duba kowace ƙafa tana daidai da rami a jikin allon. A baya kuma akwai wani siririn ƙarfe mai tagogi, ki danna shi ya shiga tukuna. Yana yanka. A'i ta ba shi jininta kaɗan, ta goge a zane ta ci gaba saboda shaida.

Sai firosesa, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu wanda aka ce shi ne ƙwaƙwalwar. Ki cire shi daga tsohon allo. A kusurwa ɗaya yana da alamar zinariya, gurbinsa a sabon allo ma yana da irinta. Ki haɗa alama da alama, ki sake shi ya zauna da kansa, ki mayar da ɗan hannun da ke kulle shi. In bai zauna ba, kada ki danna. Ba buhun gero ba ne.

Daga nan za a ba ki wani farin mai a 'yar sirinji, a ce ki ɗiga a bayansa kafin ki ɗora 'yar fankar da ke sanyaya shi. Saƙo ya zo cewa kada ya wuce ƙwayar wake. A'i ta tambayi bango ko wane wake, don akwai manya akwai ƙanana. Aka ce ƙarami. Ta matsa ɗigo ɗaya, ta tsaya cak, ko kwarzabar hannu babu. Mai makaranta ya leƙa ya ce ko mai shago sai haka.

"Nan kam an samu gwana," in ji Hapsatu. "Man shanun da take sa wa baƙo a tuwo bai kai wannan ba."

Ki bar ta ta faɗa. Shekara da shekaru ana zagin A'i da rowa, ashe horo take yi.

Mataki na 6: Ki fito da tsinken kitso

Ki kwantar da allon a kan ƙafafunsa, ki ɗaure noti, ba da ƙarfin tuƙa tuwo ba. Ki sa memori, wasu dogayen falle masu tsaga a ƙasa. Tsagar ta dace da tudun ramin, ki danna gefe da gefe sai kin ji ƙas. Babbar wayar wuta mai haƙora da yawa tana da gurbi ɗaya tak, ba ta shiga a juye. Akwai ƙaramarta kusa da fanka, kada ki manta da ita. Sai wayar ma'ajiyar da takardu ke kwana a ciki.

Duk wannan wasa ne. Aikin yana wurin wasu 'yan wayoyi sirara kamar gashin jariri, waɗanda ke zuwa daga makunnin gaba. Kowace da ɗan ƙaramin baki, kowace da allurar da za ta hau, ga su a cunkushe wuri ɗaya. Yatsa ba ya shiga. A nan A'i ta kai hannu gefen ɗankwali ta zaro tsinken kitsonta na ƙarfe, wanda ya tsaga kan rabin amaren Fagam. Da shi ta riƙa ware su tana kai kowace gidanta.

Saƙo ya zo cewa an yarda da tsinke tunda babu wuta, amma in an gama kada a bar ko ɗan guntun ƙarfe a kan allon. Wuta na shiga zai ƙone, kuma babu wani a kusa sai Birnin Kudu, mai shi kuma yana Kano. A'i ta ce da bango ba yau ta fara aiki ba.

Rubutun wurin ƙanana ne, dole mai makaranta ya matso ya sunkuya yana karantawa. A'i ba ta dube shi ba, Allah ya sani. Gefen idonta ne ya yi abin da ba a aike shi ba. Sai ta ga furfura a gemunsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ita dai ta san ta miƙa wa tsohuwar Gwaram yaro mai tumbi yana kuka. Yaushe wannan ta fito, ba wanda ya aiko mata. Hannunta ya tsaya. Sai da Ummulkhairi ta maimaita saƙo sau biyu kafin ta ji.

Shawarata a wannan mataki: ki dubi waya kawai.

Mataki na 7: Ki rufe akwati, ki karɓi yabo

A'i ta mayar da murfi, ta ɗaure, ta haɗa wayar fuskar kwamfutar, ta cusa ta wuta a bango, makunnin yana kashe. Babu wuta a garin a lokacin, sai jira. Ummulkhairi ta ce lallenta ya kama, ta tafi bakin rijiya a bayan azuzuwa ta wanke.

Kada ki sallami tafinta kafin a tashi taro. A'i ta sallama.

Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa inda iska take, ta zauna kusa da Hapsatu, ta shiga bayani. Ta ce ka ga aiki an fara an gama, ko tari ba ta yi wa wani ba. Ta ce a je a gaya wa masu share hanci a tasha cewa har yanzu akwai sauran mata a ƙasar Gwaram. Hapsatu tana ta kaɗa ƙafa, fuskarta kamar wadda ta zo biki ta tarar an ɗage.

Mataki na 8: In kanki ya yi ƙaiƙayi

Tana tsakar kurin, sai kanta ya yi ƙaiƙayi. Ta kai hannu gefen ɗankwali. Babu tsinke. Ta laluba ɗaya gefen. Babu. Sai abin ya faɗo mata: a kan allon ta ajiye shi, lokacin da ta tsaya ganin furfura. Ta rufe akwati da shi a ciki.

A daidai nan aka kawo wuta. Ƙwan ofis ya kama, injin markaɗen maƙwabta ya ɗauki ruri. Mai makaranta ya miƙe da bismillah ya nufi makunnin bango, ya ɗaga gwiwar hannu zai danna.

Akwai dabarun da za ki gwada, A'i ta gwada su duka. Ta yi tari, inji ya cinye. Ta ce da bango, "A dakata." Ta ƙara murya ta ce mai makarantar nan ya tsaya. Ina jin ya ji muryar, amma tun da aka haife shi muryar nan ba ta taɓa zama tasa ba, ya saba sai an kawo masa. Ta kira Ummulkhairi, rijiya da nisa. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyi suka ce su ba da su ba. Ta damƙi zanen ƙawarta.

"Hapsatu, gaya masa ya tsaya. Tsinkena yana ciki."

Hapsatu ta dube ta a natse. "In gaya wa wa?"

Gwiwar hannunsa ta kai jikin makunni. A cikin akwatin nan akwai sunan yaran mutane da suka yi shekaru suna hadda, akwai hannun da ya karye a kan kwali.

"Ɗahiru! Kada ka taɓa."

Ko yanzu da na rubuta shi sai da na waiga.

Ya tsaya da gwiwa a sama. Ya juyo a hankali, kamar mai tsoron in ya yi sauri abin zai koma. Suka dubi juna, ido cikin ido. Ashe idon ubanta ne da shi, ba wanda ya taɓa gaya mata.

"Na'am, Inna," in ji shi.

Ummulkhairi da ta kawo kai bakin ƙofa ta saki buta.

Aka sake kwance murfi. Ga tsinke kwance a kan allon, ya yi gada daga memori zuwa gindin fanka. A'i ta ɗauke shi ta soke a ɗankwali. Tana mayar da noti ta ji ya ce, ƙasa ƙasa, yana kallon tebur, ashe dai an san sunan. A'i ta juya ga bango ta ce a gaya wa mai makaranta tana cikin ɗaki aka raɗa shi, ba kurma ba ce.

Ya danna. Fanka ta juya, akwati ya yi ƙara ɗaya, fuska ta kawo haske. Sunayen yara suka fito reras.

Mataki na 9: Ki riga kowa

Kada ki tsaya murna. A'i na waigawa ta ga kujerar Hapsatu babu kowa, takalmanta ma babu. Ta san hanyar da za ta bi, don tare suka shata ta: gidan mai ƙosai, sannan gidan da ake suna a bayan masallaci, inda matan unguwa duka suke.

Gwiwoyin da suka kasa tsallaka ofis, su suka bi ta lungun bayan makaranta, suka tsallake kwata, suka shiga gidan suna ta ƙofar baya. Kafin Hapsatu ta gama da mai ƙosai, A'i ta zauna a tsakiyar tabarma ta buɗe labari. Ta ce kun ji abin da wata tsohuwar banza ta yi yau a makaranta? Ta ba da shi da gishirinsa, ta kwaikwayi tarin, ta kwaikwayi gwiwoyin, ta ƙara cewa har tsuntsaye sun tashi daga bishiya. Sunan kawai ta tsallake, ta ce su cike da kansu. Hapsatu ta shigo tana haki ta tarar mata suna share hawaye.

"Ke yanzu ko gulmar kanki ba za ki bar wa wani ba?"

A'i ta ce kayan gida ne, ba ta bai wa dillaliya.

An yi sauka lafiya, kowane yaro ya karɓi takardarsa. Uwar Khalifa, ɗiyar Hapsatu, ta zo har inda A'i take, ta durƙusa da ladabi, ta ce a gaishe mata da mai sunan. Yanzu duk unguwa ba mai ce mata A'i, da sunan nan suke haɗa ta, wai Innar wane. Gidan suna kuwa in aka zo zancen iyayen zamani, sai ta tashi duba tukunya.

Shi kuma yana nan yana zuwa gaisuwa da safe, sai dai ya daina saurin tashi. Har yau bango take amsa wa. Ta dai sake bango ne, ta koma wanda yake jingina da shi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk allon da ya ƙone, yatsan da ya yanke, ko ƙawancen da ya yi tsami saboda bin waɗannan matakai. Ba ta ce a sa tsinke a kwamfuta ba, ta ce an sa. Wadda kuma ta bi hanyar nan bakinta ya suɓuce ta kira nata, kada ta zo mini da kuka, ba ni da maganin mayar da shi. Ta dai aiko mini da labarin da ɗuminsa, kafin Hapsatu ta ji.